Dukiyar da ke kwance a bayan turke

'Ya'yana manoman Jega da Aliero da Maiyama, ku ba ni aron kunnuwanku, zan yi muku magana a kan abin da yawancin matasa ba sa son a tsaya a kansa, wato kashin dabbobi da fitsarinsu.

Na san abin da ke damunku. Tun 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, buhun kamfa da na yuriya suka tashi, har yau talaka bai ji sauƙinsu ba. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, injin ban ruwa ya koma yana cin ribar mai lambu tun albasa ba ta yi kai ba. Farashin kasuwa ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannunku ba. Amma akwai takin da ba sai an yi layi ba, ba sai an san wani ba, yana nan a gidajenmu, kuma kullum muna asarar mafi kyawunsa ba tare da mun lura ba.

Ku zagaya bayan gida a kowace unguwa ku gani. An share turke, an tara juji a fili, rana tana dukansa wata da watanni. Ruwan farko ya sauka, baƙin ruwa ya gangara daga jujin ya bi lungu ya shiga kwata. Wannan baƙin ruwan shi ne ƙarfin takin. Abin da ya rage, wanda ake ɗorawa a amalanke a kai gona, busasshen saura ne haɗe da leda da yashi. Wasu ma wuta suke cinna masa don ya rage yawa. A mahauta kuwa, abin da aka juye daga tumbin shanu da jinin yanka sukan kwanta har su dami maƙwabta da wari, alhali gonakin da ke kusa suna fama da yunwa.

Iyayenmu ba haka suke yi ba. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya daɗe tun shekarun 1960 yana nazarin gonakin da ke kewaye da birnin Kano. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda mutane masu yawa suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Ya tarar cewa sirrin yana cikin mangalar jaki. Ana ɗaure awaki da tumaki a gida da damina, ana ba su harawa da karmami, ana kwashe takinsu a mayar gona, ana kuma ɗauko sharar birni a kan jakuna. Abin da gona ta bayar yana komawa gare ta ta cikin dabba. Mu ma a ƙasar Gwandu haka muka taso. Idan an gama girbi, mai gona yakan nemi Bafulatani ya sauka da garkensa a gonarsa, shanu su ci kara su kwana, a riƙa matsar da mashekari daga wannan gefe zuwa wancan. Mai gona ya ba da damin gero, mai shanu ya bar masa taki, matan ruga su kawo nono. Duk wanda ya taɓa ganin geron da ya fito a tsohon mashekari ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masu bincike sun auna wannan abin. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai a Jamhuriyar Nijar, an gwada gonar da shanu suka kwana a cikinta, da gonar da aka kwaso kashin kawai aka zuba. Gero ya fi yin kyau nesa ba kusa ba a inda dabbobin suka kwana, kuma dalilin shi ne fitsari. Kusan rabin sinadarin naitirojin da dabba ke fitarwa, wato abin da muke saye a buhun yuriya, a fitsari yake fita, haka ma mafi yawan fotashiyam. Wannan warin mai hawa ido da kuke ji idan kun shiga turke da safe, amoniya ce, naitirojin ne yake tashi sama yana barinku. Saboda haka duk dabarar da injiniyoyin aikin gona suke koyarwa a kan taki, idan ka tace ta, abu biyu take nema: a kama fitsarin kada ya nutse a banza, a kuma hana rana da ruwan sama su kwashe abin da aka tara.

Kuma abin da ake buƙata muna da shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya bunƙasa a jihar nan ta Kebbi, injinan casa suka yawaita, buntu ya zama tsibi-tsibi har ana rasa yadda za a yi da shi. Ɗana, ka daɓe ƙasan turkenka ya yi tauri, ka shimfiɗa buntu ko tattakar shinkafa ko guntayen karan da dabbobi suka ci suka rage. Shimfiɗar za ta tsotse fitsarin, dabbarka ta kwanta a busasshen wuri, kofatonta ya huta da ruɓewa. Idan ta jiƙe ka kwashe ka sake wata.

Abin da ka kwashe kada ka watsar a fili. Nemi inuwa, ka haƙa rami mai zurfin kamar zuwa ƙugu idan rani ne, idan kuma damina ce ko wurin yana tara ruwa ka yi tsibi a kan tudu. Ka riƙa jerawa, busasshen ciyayi a ƙasa, taki a kai, ɗan yayyafin ruwa, sannan ka sake. Gwargwadon ruwan kuwa, ka damƙi takin a hannu ka matse. Idan ruwa ya zubo ya yi yawa, idan ya wargaje ya yi kaɗan, idan ya dunƙule ya bar maka danshi a tafin hannu ya yi daidai. Sai ka rufe da tsohuwar tabarma ko zana ko ƙasa. Bayan 'yan kwanaki ka soka sanda a tsakiya, ka bar ta ta jima, ka zaro ka taɓa. Za ka ji ta da zafi. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suke aiki, kuma zafin yakan kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos. Wannan zafin shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta. Manomin da ke cewa taki yana kawo masa ciyawa bai yi ƙarya ba, ɗanyen taki ya kai gona. Duk bayan mako biyu ko uku ka juya shi, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya koma na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ina roƙonku a kan toka. Mun saba haɗa tokar murhu da ɗanyen taki a juji ɗaya. Toka tana da amfani a gona, amma idan ta yi yawa a cikin ɗanyen taki, musamman na kaji, tana hanzarta tashin amoniya. Ku tara ta daban ku kai gona daban. Leda da batir da fasasshiyar kwalba kuma a tsince su tun a gida, ba su da abin da za su ba ƙasa sai cuta.

Ba duk taki ne ɗaya ba. Na kaji ya fi kowanne ƙarfi da saurin aiki, shi ya sa yake ƙona shuka idan an sa shi ɗanye kusa da saiwa. Na awaki da tumaki yana biye masa. Na shanu ya fi sanyi, amma ya fi daɗewa yana gyara jikin ƙasa. A nan ina da magana da 'ya'yana mata. Yawancin awaki da kaji da ragunan da ake turkewa don Layya naku ne, ku kuke share wurinsu safe da yamma. Abin da kuke sharewa kaya ne mai kuɗi, masu lambu suna saye buhu-buhu. Wadda ta adana shi a inuwa ta bar shi ya nuna, ta san darajarsa, kada ta bari a ɗauka a matsayin an taimaka mata da kwashe shara.

Yanzu bari in faɗa muku iyakar abin, don kada wani ya ce dattijo ya hana shi sayen takin zamani. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Busasshen takin shanu irin namu, tan guda sau da yawa ba ya wuce kilo 10 zuwa 15, kuma ba duka yake saki a shekarar farko ba. Saniya guda tana ba da abin da bai wuce kimanin tan ɗaya na busasshen kashi a shekara ba, wanda take yi a wurin kiwo kuma ba ka samunsa. Malaman gona kuwa sukan ce a zuba tan 5 zuwa 10 a hekta. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga cewa takin gida shi kaɗai ba zai ɗauki shinkafa da masara yadda muke nomansu yanzu ba. Amfaninsa na gaba da wannan lissafi. Ƙasar tudunmu yashi ce, kamar kwando take, abin da ka zuba yana bin ruwa ya wuce. Ruɓaɓɓen taki shi ke sa ta riƙe danshi ta riƙe takin zamanin da ka saya har saiwa ta same shi. Gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, sun nuna cewa gonar da ake haɗa mata biyun ta fi wadda ake ba takin zamani zalla daɗewa tana bayarwa, ita kuwa ta zallar da tafiya ta yi nisa ƙasarta kan yi tsami. Ƙuduji ma, wanda wasu ke kira wuta-wuta, a gajiyayyiyar ƙasa ya fi yin ƙarfi.

Idan takinka kaɗan ne, kada ka barbaɗa shi ko'ina har ya rasa tasiri. Raba gonar, bana ka ƙosar da wannan ɓangare, baɗi wancan, tunda ƙarfin taki yana kai shekara biyu zuwa uku. Ko kuma ka sa shi a gindin shuka, tafi ɗaya ko biyu a kowane rami. 'Yan'uwanmu na Illela ta jihar Tawa a Nijar sun farfaɗo da faƙon da aka yanke ƙauna a kansa da dabarar tassa, wadda suka inganta bayan sun je sun gani a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980: a haƙa ƙananan ramuka da rani, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki, a shuka gero ko dawa. A can Nijar ɗin kuma aka gwada sa takin zamani cikin murfin kwalbar lemo a kowane gindi, aka ga amfanin ya ƙaru da kuɗi kaɗan.

Duk wannan ba ya yin tasiri sai an bi lokaci, kuma shekarar mai taki da kaka take farawa. Da an ɗauke amfani, harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure a ɗora a rumfa ko a kan bishiya tun ganyen bai zube ba. Kara da tattaka kada a ƙona. Hayaƙin da ke tashi daga fadama bayan yankan shinkafa abincin dabbobi ne da shimfiɗar turke suke tafiya. A lokacin ne kuma ya kamata mai gona da makiyayi su zauna a gaban mai gari ko hakimi su yi magana: yaushe za a saki gona, ina shanu za su kwana, ina burtali, ina lambun da ba a shiga. Na san zamani ya sauya, tsoro ya shiga tsakani, noman rani kuma ya cinye wuraren da dā shanu ke sauka. Duk da haka inda aka san juna, a riƙe wannan tsohuwar hulɗa. Ta fi kowace dabara araha, domin dabbar da kanta take kai takin har da fitsarin, babu kuɗin amalanke.

Sai albasa, wadda da ita aka san Aliero har Legas da ƙetaren iyaka, Jega da Maiyama ma suna da rabonsu a ciki. Albasa saiwarta gajera ce, a saman ƙasa take cin abincinta, shi ya sa take son fangali mai laushi da ya sha ruɓaɓɓen taki. A gauraya shi da ƙasa mako biyu ko fiye kafin dashe, haka ma a wurin rainon iri. Ɗanyen taki a fangalin albasa yana jawo tsutsa da ruɓewar gindi. Irin da ya yi mako shida zuwa takwas ya isa dashe, kuma wanda ya dasa da wuri ya sami sanyin hunturu ya fi wanda ya makara har zafi ya riske shi. Abin da ya fi damuna shi ne yuriyar ƙarshe. Matashi yana ganin ganyen maƙwabcinsa ya fi nasa kore, sai ya ƙara yuriya bayan albasa ta fara kai. Ganye zai yi kyau, kan zai yi girma, amma wuyan zai yi kauri ya ƙi bushewa, kuma irin wannan albasa ita ce ke fara ruɓewa a rudu. Ribar albasa kuwa a ajiya take. Kowa ya san a Maris da Afrilu kasuwa cike take, wanda ya iya riƙe tasa zuwa damina shi ke cin moriyar wahalarsa. Don haka ka gama ba da yuriya da wuri. Idan ganye ya fara kwanciya ka janye ruwa, ka bar ta ta sha iska bayan cira har wuya ya bushe, ka tsince masu rauni kafin ka zuba a rudu.

Mai shinkafar rani, irin su FARO 44, ya dasa iri yana da kamar mako uku, ya raba yuriyarsa kashi biyu ko uku, kada ya watsa ta cikin ruwa mai gudu. Mai noman fadama da damina kuma kada ya manta da ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan ana dab da girbi. Iri mai saurin nuna da shuka da wuri suna rage wannan haɗari, tsibin taki kuma a ɗauke shi daga inda gulbi ke kaiwa.

Da bazara ake kai taki gonar tudu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai tun tsakiyar rani a baza shi, rana da iska da gara su yi wata uku suna ci. Ka kai shi dab da faɗuwar ruwa, ka ajiye tsibi-tsibi, idan za ka yi huɗa ka baza ka rufe da ƙasa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace ƙaramar hukuma. Ku saurara a rediyo, ku tambayi malamin gona. Sanin gaibu sai Allah, amma hasashen yana taimaka wa mutum kada ya zuba irinsa da takinsa a ruwan farko da fari ke biyo bayansa. Masara a ba ta kamfa cikin mako biyun farko, yuriya a mako na biyar ko na shida, a tona a binne a ƙasa mai danshi. Wake da gyaɗa su riƙa zagayawa cikin gonar hatsi, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi su kuma ba ka harawa. Gawon da ya tsiro a gonarka ka bar shi, da damina yake zubar da ganye, da rani dabbobi su taru a inuwarsa su bar maka taki.

Wasunku sun tambaye ni game da gas ɗin girki da ake samu daga kashin shanu. Gaskiya ne. Ana dama kashin da ruwa a zuba a rufaffen rami, ya ruɓe ba iska, ya fitar da gas mai kama wuta, ruwan da ya fito kuma taki ne mai kyau. A Indiya da Sin gidaje miliyoyi suna amfani da shi, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansa. Yana raba mata da hayaƙin kandilo da itace. Sai dai yana son shanu huɗu ko biyar masu kwana a turke, da ruwa kullum, da magini wanda ya ƙware, kuma gas ɗin yana raguwa da sanyi. Ni a ganina ya fi dacewa da mahauta da makarantun kwana da masu kiwon turke da yawa. Mai akuya uku ya fara da ramin taki.

Ku kula da lafiya. Juji ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma kada ya kasance ta inda ruwa ke gangarowa zuwa gare ta. Kada a sa ɗanyen taki a latas da kabeji da karas da duk abin da ake ci ba a dafa ba. Mai ciwo a ƙafa kada ya shiga taki ba takalmi. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya ba a jefa ta a juji, likitan dabbobi ake kira.

Muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana Aliero tun 2006, gonarta ta koyarwa da bincike tana Jega, ɗalibai suna gwada takin kaji da na shanu a kan albasa da sauran kayan lambu a irin ƙasarmu da ruwanmu. Malamai, ina roƙonku ku fito da sakamakon cikin Hausa, a rediyo da ranar kasuwa, da ma'aunin da manomi ya sani, buhu da kwano da amalanke. Ku kuma 'ya'yana, kada ku tsaya kan maganata kawai. Bana kowa ya ware fangali biyu ko kunya goma, ɗaya da ruɓaɓɓen taki da rabin takin zamanin da ya saba sawa, ɗaya yadda ya saba, ya auna abin da kowanne ya bayar, ya gaya wa maƙwabcinsa. Kafin nan, a cikin makon nan, ku ɗauke jujin daga rana, ku rufe shi, ku shimfiɗa buntu a turke.